Masarar da Ba Ta Ga Rana Ba

Akwai wata mace a wani gari, matar wani kafinta, tana da 'ya'ya uku. Bari mu kira ta Afiniki, mijinta kuma Irmiya. Suna zaune a gidan haya, irin gidan nan mai ƙofofi takwas da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. A irin wannan gida, in kika soya albasa kowa ya san kin soya. In kuma kika kwana biyu ba ki soya ba, wannan ma kowa ya sani.

Afiniki kuwa mace ce mai tattali, ba ta wasa da kuɗin cefane. Ba ta sayen manja cokali-cokali a ƙulle cikin leda, takan daure ta sayi kwalba guda, ta yi ta lallaɓa shi har ƙarshen wata. Ba ta zuwa kasuwa da safe, lokacin da masu tumatir suke ji da kansu, sai da yamma, sa'ad da suka ƙagu su tattara kaya su koma gida. Sabulun wanki takan yanka shi gida huɗu, ta jera a bakin taga ya bushe ya yi tauri, don kada ya narke a ruwa a banza. In ta sauke tukunya, sai ta zare itacen da bai cinye ba ta yayyafa masa ruwa, gobe ma ya yi aiki. Wake kuma tun da safe take jiƙa shi, domin kada ya ci mata wuta. Mijinta yakan ce da ita cikin raha, in da ana matse dutse ya ba da mai, da tuni ta cika kwalabe.

Amma a wata shekara damina ta zo da tsadar da ba a saba gani ba. Aikin Irmiya ya tsaya cik, gama mutumin da yake neman abin da zai sa a baki ba ya tunanin sabuwar kujera. Mudun masara kuwa, in ka saya yau, jibi ka koma sai a faɗa maka wani kuɗi dabam. Gidan Afiniki suka sauko daga mudu zuwa rabin mudu, daga rabin mudu zuwa gwangwani. Takan tuƙa ɗan tuwon, ta yi malmala huɗu, uku na yara, ɗaya na maigida. In Irmiya ya ce, "Ke fa, Maman Godiya?" gama sunan babbar 'yarsu ke nan, sai ta ce, "Ni ai na ci tun a bakin murhu." Ya san ba ta ci ba, ita ma ta san ya sani. Sai ya gutsuri rabi ya ce ya ƙoshi, ya tashi ya fita.

Damina ta wuce, sabon hatsi ya shigo, kasuwa ta sauko. Amma tsoron da ya shiga zuciyar Afiniki bai fita ba. Ko tukunya tana cike, in ta ɗaga murfin sai ta tuna da ranar da take kankare ƙasanta. Saboda haka ta ƙudura a ranta cewa wata damina ba za ta sāke samunta da gwangwani a hannu ba. Za ta tara, in kaka ta zagayo ta sayi masara buhu-buhu tun tana da araha, abin da zai kai gidanta har wata kakar.

Shekara guda cur tana wannan tari. Abin da ta rage a manja, da abin da ta rage a itace, da canjin da ya dawo daga wurin mai tumatir, duk ta ajiye. Zanen fita biyu take da su, ba ta ƙara na uku ba. Irmiya ya sami aikin ƙofofin wata makaranta, ya kawo abin da ya samu ya ɗora a kan nata, ya ce, "Ke kika san kasuwa. Ki je ki sayo mana kwanciyar hankali."

Da kaka ta yi, ran wata Alhamis, ta shiga mota zuwa kasuwar wani ƙauye inda manoma suke kawo hatsi da kansu. Ta zaga layin masu masara daga wannan kai zuwa wancan, tana tambaya, tana tayawa. Ko'ina magana ɗaya ce: kuɗin da ke hannunta buhu biyu zai saya, da ɗan abin mota. Ita kuwa ta san buhu biyu ba zai kai su ba, sai uku. Ta tsaya a tsakiyar kasuwa, rana tana dukanta.

Can a ƙarshen layi ta ga wani manomi zaune a kan buhunansa. Da ta tambaya, ya faɗi kuɗin da ya sa ta sāke tambaya, don ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Afiniki 'yar manomi ce, ba a yi mata wayo a kan hatsi. Ta sa hannu ta ɗebo, ta jefa ƙwaya ɗaya a baki ta ciza. Busasshiyar masara takan fashe a haƙori da ƙara. Wannan kuwa lotsawa ta yi.

Manomin ya ce, "Uwargida, ba zan ruɗe ki ba. Shekaranjiya aka ɓare ta, ba ta gama shan rana ba, shi ya sa na sauke kuɗin. Buƙata ce ta taso mini. Ki baza ta kwana uku ko huɗu, za ta zama daidai da ta kowa. Amma fa ki baza, kada ki bar ta a ɗaure."

Afiniki ta ce a ranta, rana ai ba sayenta ake yi ba. Ta biya, aka ɗora mata buhu uku. Har zuwa nan babu wanda zai ga laifinta, gama ciniki ne mai kyau, mai kayan kuma bai ɓoye mata kome ba.

Sai da mota ta kama hanyar gari, tana zaune tana murna, sannan ta tambayi kanta, "To, a ina zan baza?" Wurin shanya ɗaya ne a gidansu, wato tsakar gida, a gaban ƙofofi bakwai da ba nata ba. A gidan kuwa akwai al'ada: duk wadda ta baza sabon hatsi, in ta kwashe takan aika wa kowace ƙofa da ɗan mudu, a ce a ɗanɗana sabon abu. Mudu bakwai ke nan tun ba a je ko'ina ba. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne, duk wanda ya ga buhu uku a shimfiɗe ba zai manta ba. In damina ta yi tsanani, ƙofarta za a riƙa ƙwanƙwasawa. Wannan ta ce a sam mata na kunun yaro, waccan ta ce a ranta mata zuwa Asabar. Labari kuma zai kai ƙauyen su Irmiya, dangi su fara zuwa gaisuwa da buhu a naɗe cikin jaka. Kafin motar ta iso tasha, Afiniki ta riga ta ga buhunanta uku sun ƙare, ta ga kanta tana sāke yin malmala huɗu.

Ta tuna cewa ran Alhamis da yamma matan gidan sukan tafi taron zumuntar mata a majami'a. Sai ta yi zamanta a tasha har lokacin ya yi, sa'an nan ta ɗauki mai keke, ta ƙara masa wani abu don ya shigar mata da buhunan har ƙuryar ɗaki. Gidan shiru, sai kaji. Ta jingina su da bango, ta lulluɓe da tsohon bargo, ta ɗora akwatin kaya a kai, ta ja labule.

Da Irmiya ya dawo daga shago ta nuna masa, ta kuma gaya masa yadda aka yi cinikin. Ya yi murna ƙwarai, ya ce, "Sannu da ƙoƙari. To, tun da da sauran ɗanyenta, yaushe za a baza?"

Ta ce, "Gobe, in Allah ya kai mu."

Gobe ta zo da rana mai kyau, irin wadda manoma suke roƙo. Afiniki ta leƙa, ta ga wata maƙwabciya ta yi baƙi suna zaune a inuwa, ta ce bari sai sun tafi. Ran Asabar kowa yana wanki, tsakar gida ta jiƙe. Lahadi kuwa ranar hutu ce, ba a aiki, Afiniki kuma ba ta taɓa tuna wannan da sauri kamar yadda ta tuna a ranar ba. Litinin ta ga ɗan gajimare can gabas, bai fi faifai ba, ta ce wa ya sani ko ruwan ƙarshe ne yake tafe.

Da ta ga kwanaki suna tafiya, sai ta yi dabara. Ta ɓula gefen buhu ɗaya, ta ɗebi cikin faifai, ta ajiye a ƙasan taga inda hasken rana yake faɗowa. In hasken ya matsa, ta matsar da faifan. Haka ta wuni tana bin rana a cikin ɗakinta, da yamma ta ciza ƙwaya ɗaya ta ji ta fara tauri. Ta yi murna, har sai da ta dubi faifan, ta dubi buhu uku. Ko yaro ya san cewa a haka sai shekara ta zagayo ba a gama ba.

A mako na biyu ɗakin ya fara wani irin wari, kamar na rigar da aka naɗe ba ta bushe ba. Godiya ta ce, "Mama, wani abu yana wari a ciki." Afiniki ta ce rufin ne yake yoyo tun damina. Ta sayo turaren wuta, ita da ba ta taɓa kashe kuɗi a kan turare ba. Wata rana da babu kowa, ta zura hannu ƙarƙashin bargon ta taɓa buhun tsakiya. Ta ji ɗumi, kamar jikin mai zazzaɓi. Ta zare hannun da sauri, ta gyara bargon, ta fita ta kama shara. Ta san ma'anar wannan ɗumi sarai, gama ta taɓa ganin mahaifinta ya rushe tarin hatsi da tsakar rana saboda shi.

Daga nan hankalinta bai ƙara kwanciya ba. In tana tuƙa tuwo zuciyarta tana bayan labule. In ta je sujada, ana waƙa tana buɗe baki, amma ba ta san wace waƙa ake yi ba. In ta ga mata biyu suna magana a bakin famfo suka yi shiru da isowarta, sai ta ce shi ke nan, sun gano. Tsoro biyu suka sa ta a tsakiya. In ta bar masarar a ciki, tana lalacewa. In ta fitar, za a gani, kuma yanzu har a tambaye ta dalilin da ya sa ta ɓoye. Kowace safiya takan ce yau za ta fitar, kowace yamma takan ce gobe.

A ƙofar farko, kusa da bakin gida, akwai wata tsohuwa gwauruwa mai suna Bilhatu, kowa yana ce mata Mama. Tana sayar da daddawa, tana fama da ciwon gwiwa, ba ta da wani mai taimakonta sai abin da ɗanta yakan aiko jefi-jefi. Wata safiya Afiniki ta ji takun sandarta ya tsaya a ƙofarta.

"Gafaranku dai, masu gida."

Afiniki ta fito da sauri, ta ja ƙofar a bayanta, ta tsaya a bakin. Ta ga tsohuwar da wani abu shuɗi a naɗe cikin hammata. Ta ce a ranta, ga shi nan an fara, har da buhun zubawa ta zo.

Suka gaisa. Mama Bilhatu ta ce, "'Yata, wata 'yar magana ce ta kawo ni. Na ga ranar nan tana da kyau kwana biyu, shi ne na ce ko..."

Afiniki ba ta bari ta ƙarasa ba. Ta ce, "Ayya, Mama, da kin san yadda muke a ɗakin nan! Ko garin da zan tuƙa yau sai da na karkaɗe ƙasan kwano. Baban Godiya kuma aiki shiru. Babu kome, Mama, gaskiya babu."

Tsohuwar ta dube ta. Sa'an nan ta ce, "To, 'yata. Allah ya rufa asiri." Ta juya tana dogara sandarta. Afiniki ta koma ciki ta zauna a bakin gado. Ba ta taɓa yi wa tsohuwar nan ƙarya ba sai yau, abin kuwa ya dame ta ƙwarai.

Irmiya ma ya ji warin. Ya ce, "Maman Godiya, anya masarar nan? Mu fitar da ita mana, ni zan ɗauka."

Ta ce, "Baban Godiya, ka manta da bara? Ka manta ranar da ƙaraminmu ya ce a ƙara masa, ka tashi ka fita don kada ya ga idonka? Wa ya ƙwanƙwasa mana ƙofa a lokacin? Ka bar ni, na san abin da nake yi."

Irmiya bai manta ba. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki zartonsa ya tafi shago. Bai ƙara tayar da maganar ba, gama shi mutum ne mai gudun fitina, ya kuma fi son a zauna lafiya yau ko da gobe za a yi kuka.

Ana nan, aka yi sanarwa a majami'a cewa Lahadi mai zuwa ranar godiyar kaka ce, kowane gida ya kawo daga abin da Allah ya ba shi. Ran Asabar da safe Irmiya ya ce, "Bana kam ba za mu je hannu wofi ba. Kawo kwano, mu ɗebi tamu." Kwana ashirin da uku ke nan da shigowar buhunan. Wannan karon Afiniki ba ta da wani dalili. Ta miƙa masa kwanon.

Ya sauke akwatin, ya yaye bargon, ya yanke zaren buhun farko. Wani huci mai zafi ya bugi fuskarsa har ya ja da baya. Ya sa hannu zai ɗebo, hannun bai shiga ba, gama masarar ta manne ta zama dunƙule. Ya ɓantaro, sai ga ta kore-kore da baƙi-baƙi, fumfuna ta bi ta ko'ina, wasu ƙwayoyin har sun fara tsiro. Ya buɗe na biyu, ya fi na farko muni. Na ukun da yake jikin bango, gindinsa har ya jiƙe siminti.

Afiniki ta sulale ta zauna a ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Na kashe mu, Baban Godiya. Shekara guda. Na kashe mu da hannuna."

Irmiya ya ajiye dunƙulen. Ya ce, "Ni ma na ji warin, na yi shiru. Tashi, mu fitar."

Suka ja buhunan zuwa tsakar gida. Asabar ce, kowace mace tana bakin famfo da bahon wankinta, yara suna ta guje-guje. Abin da Afiniki ta yi kwana ashirin da uku tana gudu, ga shi ya same ta a ranar da gidan ya fi cika. Hira ta tsaya, ba a jin kome sai ruwa yana zuba a bokiti. Ta tsaya kan buhunan, idonta a ƙasa, tana jiran dariya.

Sai ta ji takun sanda. Mama Bilhatu ta iso da abin nan shuɗi a hammatarta, ta warware shi a ƙasa. Ashe tamfol ne babba, na shanyar hatsi, tun na zamanin da mijinta yake noma. Ta ce, "Ku juye a nan. Ku kuma, ku bar wankin nan ba gudu zai yi ba, kowa ta kawo faifai."

Matan suka zo suka zauna kewaye da tarin, suna farfasa dunƙulen, suna tsince ƙwayoyin da ba su taɓu ba ɗaya-ɗaya. Afiniki ta durƙusa kusa da tsohuwar, ta ce a hankali, "Mama, dā ma kin sani?"

"Tun ranar da mai keke ya shigo da su. Ƙafata ce ta hana ni zuwa zumunta, ina zaune a bakin tagata."

Wata daga cikin matan ta ce, "Ai dukanmu mun sani, Maman Godiya. Da muka dawo, masara ce a zube tun daga bakin gida har ƙofarki, kaji suna ta biki."

Afiniki ta ce, "To, me ya sa ba wadda ta yi mini magana?"

Mama Bilhatu ba ta ɗaga kai daga faifanta ba. Ta ce, "Na zo ai, 'yata, da tamfol ɗin nan a hannuna. Kika ce mini babu kome. Yaya zan ba ki aron abin shanya, ki shanya abin da kika ce babu shi?"

A nan ne Afiniki ta fashe da kuka.

Suka yi ta tsinta har rana ta yi sanyi. Abin da aka samu mai kyau daga buhu uku bai cika rabin buhu ba. Sauran kuwa, Mama Bilhatu ta hana a ba ko kaji, ta ce irin wannan fumfuna guba ce ga mutum da dabba. Irmiya ya ari shebur, ya haƙa rami a bayan gida, ya binne ta. Ɗan abin da aka samun nan ya ƙare tun kafin ruwan fari ya sauka. Da damina ta tsananta, waɗansu ƙofofin sun aiko da abin da suka iya, waɗansu ba su aiko ba, akwai ma wadda ta yi wata uku tana ba da labarin a kasuwa. Gidan Irmiya ba su mutu da yunwa ba, amma sun sha wuya a shekarar nan, wuyar da ba ta zama dole ba.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an koya mana cewa tattali laifi ne. Ko kaɗan. Matar nan ta yi daidai da ta yanka sabulunta, ta yi daidai da ta jira kasuwar yamma, ta yi daidai da ta sayi hatsi da kaka. Da ma a ce kowane gida a cikinmu yana yin haka, da kukan ƙarshen wata ya ragu. Ku iyaye mata, ku ci gaba, ku kuma koya wa 'ya'yanku. Ku maza, ku daina raina canjin da ya dawo daga cefane. Sai dai in kun ga abu da araha, ku tambaya me ya sa, ku kuma tambayi kanku ko za ku iya yin aikin da arahar take bukata. Manomin nan ya rage mata kuɗi, ya bar mata aikin kwana huɗu, ita kuwa ta karɓi ragin ta ƙi aikin.

Masarar ita ce duk abin da Allah ya sa a hannunmu, ko albashi ne, ko amfanin gona, ko ɗan jarin ƙosai. Ɗanyen da ke cikinta shi ne tsoron da yake zuwa tare da samu, musamman ga wanda ya taɓa rasawa. Ni ba na raina wannan tsoro. Wanda ya taɓa ce wa 'ya'yansa ya ƙoshi alhali bai ci ba, ya san abin da Afiniki ta ji, da yawa kuma a cikinmu mun sani. Ba kuma zan ce muku maƙwabtanta ba za su roƙa ba. Da sun roƙa, wata ma da ta ranta ba ta mayar ba. Da ta yi asarar mudu bakwai, wataƙila goma sha biyar. Amma da ta ci sauran har wata kaka.

Shanya ita ce fito da abu fili, a gaban Allah da gaban mutanen da ya zaunar da mu tare da su. Tsoro yakan ce mana, rufe, lulluɓe, ja labule, ka ce babu. Tsoro bai taɓa gaya wa kowa cewa abin da aka rufe yana ruɓewa a ciki ba. Ya sa mace mai gaskiya ta yi wa tsohuwa ƙarya. Ya sa ta dubi hannun da ya kawo taimako, ta ga hannun roƙo. Ya sa ta dogara ga buhu uku fiye da Uban da ya san tana bukatar abinci tun kafin ta roƙa. Shi kuwa mijin, shirunsa bai sayo masa zaman lafiya ba. Wanda ya ji wari a gidansa ya kawar da kai, da shi aka yi ɓarnar.

Ba hatsi kaɗai ake lulluɓewa da bargo ba. Akwai maigidan da albashinsa ya daina kai wa ƙarshen wata, bai gaya wa matarsa ba, yana ta fara'a a waje. Akwai matar da kuɗin cefane ba ya isarta, ta gwammace ta kwana da yunwa da ta buɗe baki. Akwai wanda ciwo yake cin jikinsa, in an gaishe shi ya ce lafiya lau. Kuna tsammani ba a sani ba. Sau da yawa an sani, ana tsaye ne kawai a bakin ƙofa, ana jira ku daina cewa babu kome.

Saboda haka in kun koma gida yau, kafin ku ɗora tukunya, kowa ya shiga ƙuryar ɗakinsa ya zura hannu ƙarƙashin bargon. In kun ji sanyi, ku gode wa Ubangiji. In kuwa kun ji ɗumi, kada ku ce gobe. Afiniki ma goben take jira, sau ashirin da uku.